Ƙodar da Baba Ke Bayarwa Gyara

Laraba da dare, Potiskum

Yau na kai Baba asibiti. Ƙafafunsa sun kumbura, taku goma sai haki. Likitar, sa'ar ƙanwata ce, ta ce zuciya ta yi rauni, amma a auna ƙoda. Raina ya ɓaci, me ya haɗa su?

Sai ta zana ƙoda a takarda. Baba, da ya shekara arba'in yana fawa, ya leƙa ya ce, "'Yata, wannan ai ta akuya ce." Ta yi dariya, ta ce ta mutum ma haka take. Wai ƙoda na samar da wani sinadari mai rage saurin tsufan jijiyoyin jini. In ta gaji sai ya ragu, zuciya ta jigata.

"A wane kemis ake sayar da shi?"

"Ba a sayarwa, Baba. Ƙodarka za ka lallaɓa. Rage gishiri."

Wallahi ta burge ni. Shekara uku ina fama da shi kan gishirin nan!

A hanya Baba ya ce, "Ni da nake ba da ƙoda gyara."

Da aka kawo tuwo, da kansa ya ture gishirin.