Lasifikar Ɗakin Malam

Daren Talata, watan azumin tsofaffi.

Rubuta yadda na faɗa, Hajara, kada ki gyara mini don Auta mijinki ne.

Yau Auta ya kai tumatir Kura, ya dawo da rediyo mai kaset da ƙananan lasifikoki. Sauran yinin ya yi yana jan waya ta ƙarƙashin kwano, ɗaki-ɗaki, har wajen murhu. Ɗakin Malam kaɗai ya tsallake. Na ce, "Auta, ubanka fa?" Ya ce, "Inna, marar lafiya ai hutu yake so. Wayar ma ta ƙare."

Hutu! Tun da ɓarin jikinsa ya shanye, ba hutun ne ya ishe shi ba? Yaran nan da carbi suka san shi. Ba su san shi ne makaɗin gayya na garin nan ba, tun kafin a jawo mana ruwan rani.

Da la'asar aka gwada kaset ɗin gangar noma. Ina bai wa Malam kunu, sautin yana ƙetaro katanga sama-sama. Sai na ga yatsun hannunsa mai lafiya suna bugun tabarma. Daidai da kiɗan, wallahi, bai kuskure ba. Kunun ma ya manta da shi.

Gobe kafin Auta ya tafi ban ruwa zan tare shi a zaure. Ya kwance ta ɗakina, waya da lasifika duka, ya kai wa ubansa. In ya ce, "Ke fa, Inna?" zan ce masa can zan riƙa ji. Dama tun ina budurwa, inda gangar mutumin nan take, nan nake zuwa.