Mai Wankan Gawa na Zango

Zango, Damagaram, 28 ga Afrilu 2020

Yaya Safiyanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da Maryam da yara, da fatan kuna shan ruwa lafiya. Waya ba ta shiga wajenku, shi ya sa na ba Ɗan Azumi direba wannan takarda.

Garin nan ya yi tsit saboda korona. An garƙame masallacinmu, jandarma na yawo. Tun da aka rufe iyaka maigidana yake Kano, sai na dawo gida wajen Baba. Tsofaffi suna ta tafiya, a layinmu kaɗai mutum huɗu cikin mako guda. Ma'aikatan lafiya sun ce kada kowa ya taɓa gawa, amma ka san Baba, shekara arba'in shi ke wankan gawa a unguwar nan. Ranar Laraba ya wanke Alhaji Umaru maƙwabcinmu a ɓoye, ko safar hannu babu. Da na yi magana ya ce, "Tare muka yi karatun allo. Ba zan bari a naɗe shi a leda ba."

Yau kwana uku yana tari, jikinsa zafi rau, ya ce ba ya jin ɗanɗanon kunu. Ya ƙi ajiye azumi. Yaya, ka faɗa mini abin da zan yi.

Ƙanwarka,
Rahina

Zermu, 30 ga Afrilu 2020

Zuwa ga ƙanwata Rahina,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, takardarki ta iso. Zafi ne da azumi, ba wani abu ba. Wannan cuta ta masu hawa jirgi ce, ina ruwanta da Baba. Kada ki kira lambar nan da ake faɗa a rediyo. Wanda suka ɗauka, danginsa ko gawarsa ba sa gani. Ki ba shi jiƙo, ki rufe bakinki. Zan nemo mota in zo in ɗauke shi zuwa nan. Ki jira ni.

Allah ya ƙara sauƙi.

Yayanki,
Safiyanu Illa

Zango, 9 ga Mayu 2020

Yaya,

Assalamu alaikum. Ya haƙuri? Na san labari ya riske ka, na kuma ji abin da ka faɗa wa Ɗan Azumi a kaina.

Na jira ka Juma'a, na jira Asabar. Da hantsin Lahadi numfashin Baba ya fara sarƙewa, leɓɓansa suka yi baƙi, yana riƙe da zanena yana neman iska. Ni kaɗai ce a gidan. Na kira lambar nan ta rediyo. Anbilans ta zo da mutane cikin fararen kaya, maƙwabta suna leƙe ta katanga. Da za a fita da shi ya dube ni ya ce, "Ke kika kira su?" Na ce ni ce. Suka sa shi a mota suka tafi.

Kwana uku ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Su suka kai shi makwancinsa, mutum huɗu suka yi masa salla daga nesa. Ban sani ba ko an yi masa wanka. Na tambaya a waya, wanda ya ɗauka ya ce in yi haƙuri.

An ce in zauna a gida kwana goma sha huɗu. Babu wanda ya shigo ta'aziyya, a gidan mutumin da ya wanke iyayensu. Mai ruwa ma ya daina tsayawa a ƙofarmu. Husaina matar Alhaji Umaru ce kaɗai ke ajiye mini tuwo a zaure ta koma.

In laifi na yi, ka zo ka faɗa mini a gabana. Ka gaida Maryam.

Rahina

Zermu, 26 ga Mayu 2020

Rahina,

Assalamu alaikum. Barka da salla.

Jiya na shigo Damagaram. Na je maƙabarta, na tarar da sababbin kaburbura a jere, mai haƙa bai iya nuna mini na Baba ba. Na bi su ɗaya bayan ɗaya na yi addu'a. Daga nan na zo ƙofar gida, na ji kina shara, na kasa yin sallama.

Tun ranar Juma'ar da kika jira ni na samu mota. Har na shiga, na tuna tarin da kika ce yana yi, na tuna yarana, na sauka. Maryam ma ba ta sani ba.

Ba ki da laifi. Ki yafe mini in kin iya.

Yayanki,
Safiyanu