Na Rubuta Layi Ɗaya Da Sunan Wadda Ta Samo Mini Aiki

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a zage ni.

Ni 'yar Anguwan Rogo ce, sakandare kawai na gama, sai na koyi aikin kwamfuta a wata cibiya. Wata baiwar Allah 'yar unguwar Kabong, bari in kira ta Anti Ladi, ita ta tsaya mini aka ɗauke ni a ƙaramin kamfanin da take aiki. Muna tsara wa asibitoci ma'ajiyar bayanansu a intanet. Kafin a tura kowane aiki, akwai manhajar da ke bin rubutunmu layi-layi, in ta ga an bar wata ƙofa a buɗe sai ta nuna ja, ta hana aikin wucewa. Da yake wani lokacin ihun banza take yi, Anti Ladi ta yi mata gyara: in ka tabbata ba matsala, sai ka rubuta ɗan bayani a saman layin cewa ta tsallake nan, ka sa dalili, ka sa sunan wanda ya duba. Ranar da take koya mini ta ce, "Ƙanwata, ba don masu sauri na yi wannan ba fa."

Da za ta tafi hutun haihuwa ta bar mini kwamfutarta, don tawa ta tsufa. Wata Juma'a aikin wani asibitin mata ya ƙi wucewa, sai ja yake nunawa, Oga kuma sai leƙowa yake yana cewa, "Malama, yau za a gama ko sai baɗi?" Ban gane ƙorafin manhajar ba, kuma na ji kunyar tambaya, kar a ce ai dama 'yar sakandare ce. Sai na rubuta layin. A wurin dalili na sa "an duba", a wurin suna na sa nata, don ba mai bin bayan aikin Anti Ladi. Nan take ya koma kore. Har daɗi na ji, kun ji rashin hankali?

Ashe ma'ajiyar sakamakon gwaji na bari a buɗe, kowa zai iya shiga. Sunayen mata, lambobin wayarsu, gwajin ciki, gwajin jini, sati uku a haka. Shekaranjiya asibitin suka kira, wai wani ya buga wa wata mata waya yana karanta mata sakamakon da ko mijinta bai sani ba. Mata nawa aka gani? Akwai 'yan unguwarmu a ciki? In auren wata ya mutu, wa ya kashe shi?

An rufe ƙofar, amma Oga ya ga layin. Sunanta ne a jiki, daga kwamfutarta kuma aka tura. Bai san kwamfutar tana hannuna ba, ya ɗauka daga gida ta duba ta tura. A gabana ya ce ranar Litinin zai kira ta gaban mutanen asibitin, sannan ya sallame ta.

Jiya na hau keke na tafi Kabong da niyyar faɗa mata. Ta miƙo mini jaririyar, ta zubo mini gwate, wato faten acca, na kasa ci. Can ta ce, "Oga ya turo mini hoton layin nan. Na duba kwanan watan, ranar ina ɗakin tiyata." Ta gyara wa yarinyar hula, ba ta ko dube ni ba. "Ban gaya masa ba. Na ce bari in ba wanda ya yi lokaci zuwa Litinin." Na ce, "To, Anti." Na miƙa mata jaririyar, na taso.

In na yi magana aikin ya tafi, wataƙila har 'yan sanda, kuma ban san da bakin da zan gaya wa Babana ba. In na yi shiru, ba tona ni da za ta yi nake tsoro ba. Na san halinta, tana iya ɗaukar laifin ta rufa mini asiri, da jaririya a hannu.

Yau Asabar. Me zan yi?