Na Yi Wa Mutum Biyu Alkawarin Fadama Ɗaya

Uwargida Pani Wanda, don Allah ki taimake ni, bakina ya jawo mini abin da ya fi ƙarfina.

Ni bazawara ce, shekarata sittin da takwas, a wani ƙauye a gefen Kogin Barycz. Ɗana ɗaya tilo, Leszek, ya yi shekara goma sha ɗaya yana aikin kiwon kifi a Norway. Bana ya dawo da Kirsimeti da furfura a gemu, ni kuwa har yanzu kallon ɗan makaranta nake masa. Ranar jajibiri, da muka zo gutsura siririn burodin nan da ake rabawa ana yi wa juna fata, ya riƙe gefe na riƙe gefe, sai ya ce: "Mama, ki ba ni fadamar bayan gida in haƙa tafkin kiwon kifin karp, in dawo gida gaba ɗaya." Kin san maganar da aka yi a kan burodin nan ba a warware ta. Na ce na ba shi. Ko da rufin gidan ya roƙa a lokacin, da na cire masa.

Matsalar ita ce fadamar nan ba mu taɓa kewaye ta ba. Shanun maƙwabta a nan suke kiwo, shamuwa a nan take sauka. Idan ƙanƙara ta narke kogi ya cika, nan ruwa yake kwanciya mako uku kafin ya janye. In Leszek ya tayar da jinga, ruwan zai nufi layin gidajen da ke ƙasa, gidan farko kuwa na Danuta ne, aminiyata tun muna 'yan mata. Ita ta yi jinyar mijina tare da ni. Da ta ji labari ta tare ni a ƙofar coci: "Ke tsohuwar nan, so kike in riƙa kama karp a ƙarƙashin gadona?" Dariya take yi, amma idonta ya kawo ruwa. Nan take na rantse mata ba za a taɓa fadamar ba.

Yanzu katafila za ta zo bayan Ista. Leszek bai san na rantse wa Danuta ba, ita ma ba ta san katafila na tafe ba. Ina tsoron in na hana shi fadamar ya koma Norway, kuma ba ni da wata shekara goma sha ɗaya da zan jira shi. Ya zan yi?

Uwa mai baki biyu

’Yar’uwata,

Ba mugunta kika yi ba, ƙauna ce ta yi miki yawa har ta rasa inda za ta tsaya. Amma shirun nan ki daina shi a makon nan, tun katafila ba ta iso ba.

Leszek yana da gaskiya: ƙauyen da matasa ba su da abin yi, tsofaffi da karnuka ake bari a ciki. Danuta ma tana da gaskiya, kuma ruwa ba ya jin rantsuwa. Ki zaunar da su a teburinki ki faɗa musu abin da kika yi. Za su ji haushi, zai wuce. Sannan Danuta ta kai shi ya ga shaidar ambaliyar baya a bangonta. Mutumin da ya yi shekaru yana aikin ruwa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

A yankinku ba a rasa tsofaffin tafkuna da ciyawa ta cinye. Leszek ya tambayi hukumar gunduma, yashe tsoho ya fi haƙa sabo sauƙi, kuma ranar kwashe kifi da kaka maƙwabta za su samu aiki da na miya. In ya nace sai fadama, masanin ruwa ya auna tukuna, sannan Leszek ya ɗauki tudun ya bar wa kogi kwarinsa.

Abu na ƙarshe. Na karanta wasiƙarki sau biyu, ban ga inda kika ce masa kina so ya zauna ba. Fili kika ba shi a madadin wannan maganar. Mai yiwuwa shi ma tafkin hujja ce, don namiji mai furfura yana jin nauyin cewa kewar uwarsa ta dawo da shi. Ki riga shi faɗa.

Allah ya bar miki su duka biyun.

Pani Wanda