Jitar da Ila Ya Ce Tsohuwa Ce

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina wahalar Legas? Yaya jikin Anti Rabi da yara? Mu nan Illela lafiya lau, Inna ma ƙafar ta yi sauƙi.

Ka san na sayar da ragona don in sayi jitar lantarki kafin bukukuwan bayan Sallah. To Ila dillali ya tsallako iyaka da guda biyu daga Konni, ɗaya ja ɗaya ruwan zuma, irin masu tudun ciki da tsaga biyu a fuska, kamar taka ta da. Ja ɗin sabuwa ce, mai araha. Ruwan zumar kuwa ya rantse tsohuwa ce daga Faransa, kuɗinta ninki biyu.

Yaya, ban yarda ba. Jitarka inda hannu yake gogawa ta koɗe, wannan kuwa a bayanta aka kankare ta, inda ba mai taɓawa. Na ce a jona su da sifika in ji muryarsu, ya ce babu wuta. Na ɗauko janareta, ya ce mi nake gaggawa. Sai na haska fitilar waya cikin tsagar. Katakon fari fat, yana warin gam, daidai da na ja ɗin.

Don Allah ka tambayi masu shagon jita a Legas yadda ake gane tsohuwa kafin ranar kasuwa, ka sa ni a addu'a kada ragona ya tafi a banza. Inna tana gaishe ku. Ila ma ya ce a gaishe ka, wai shi ya sayar maka da taka.

Ƙanenka,
Bello