Shafin Ajami a Tsagar Bango

Litinin, 3 ga Yuni, 2024
Masu ɗaukar tsofaffin jaridu a na'ura sun sauka a Kiru, ranar Juma'a za su wuce. Bahijja, shugabarsu, ta ce in na kawo Ƙararrawar Dangora za su saka ta a intanet, kowa ya karanta. Jaridar Baba! Shekaru ya yi yana buga ta duk mako, gaba da boko, baya da ajami. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya magana, amma da na faɗa masa, sai da ya damƙe hannuna.

Talata, 4 ga Yuni
Na buɗe akwatin da Baba ya adana jaridun. Gara. Gari kawai na ɗebo. Na zauna a ƙasa na yi kuka kamar ƙaramar yarinya.

Laraba, 5 ga Yuni
Yako, Bebeji, har Bagauda a kan babur, ina neman mai sauran jaridar. Ko'ina magana ɗaya: an naɗe ƙosai da ita tun tuni. Wani ma cewa ya yi, "Dangora ta taɓa yin jarida?" Kamar in shaƙe shi. Baba yana ta kallon ƙofa, ni kuwa na kasa shiga ɗakinsa.

Alhamis, 6 ga Yuni
Gwaggo Turai, yayar Baba, ita ma da jaridar ta sayar da ƙosai. Na fara yi mata faɗa, Allah Ya yafe mini. Ta ce, "Ke Husna, bokon dai na naɗe. Wa zai zuba mai a kan rubutun Allah?"

Ashe ba ta iya karatu ba, duk abin da ta gani da baƙaƙen Larabci sai ta yage shi ta cusa a tsagar bango, kada a taka. Da tsinke muka yi ta zaro su. Hayaƙi ya rina su, amma suna karantuwa. Gwaggo ta sumbaci guda ta ɗora a goshi. Kamilu, limamin unguwa, ya duba ya ce ai farashin dawa ne a kasuwar Dangora.

Rabin jarida. Rabin da ban iya karantawa ba.

Juma'a, 7 ga Yuni
Sun ɗauki shafukan a na'ura kafin su tafi. Bahijja ta tambaye ni kanun labaran, na ce ban iya ajami ba. Ni ɗin nan, malamar makaranta.

Lahadi, 16 ga Yuni
Jaridar ta hau intanet. Na kai wa Baba wayar, ya ɗora yatsa a kan shafin yana ja daga dama zuwa hagu. Ya tsaya a kan wata kalma ya dube ni, ya ƙi gusawa. Na yi ta haɗa baƙi da wasali, ina kuskure yana girgiza kai. Can ta fito: Husna. Sanarwar sunana ce.

Riƙe masa wayar kawai nake yi. Gobe ma zan riƙe masa, mun tsaya a layi na biyu.