Bencin da Aka Ba Mama

Limawa, Jimeta
9 ga Maris, 2015

Yayana Ishaku,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu. Yaya jikinka, yaya Virtue da yara? Ina fata kuna lafiya.

Mama tana wurina, ta fara cin abinci. Amma Yaya, raina a ɓace yake. Ranar Lahadi ta tashi ba da shaida a coci kan wata biyar da ta yi a hannun 'yan bindiga bayan sun ci Michika. Da bakinta ta ce an ɗora mata wuƙa a wuya, ta ji tsoro, ta yi musun Ubangijinta. Na roƙe ta ta bar wannan a ciki, ta ƙi. Ka san Mama ba ta iya ɓoye abu.

Nicodemus, dattijon coci, ya sa an mai da ita bencin baya, na waɗanda ke ƙarƙashin horo. An hana ta jibin Ubangiji, an hana ta ɗaura zanen zumuntar mata, sai kwamiti ya zauna. Nicodemus fa, wanda bai taɓa jin ƙarar bindiga ba sai a rediyo! Shekara talatin Mama tana ɗaura zanen nan.

Ka gaishe da kowa.

Ƙanwarka,
Keturah

Limawa, Jimeta
21 ga Yuni, 2015

Yayana Ishaku,

Ina gaisuwa, da fatan ka isa Jos lafiya bayan jana'izar Mama. Yaya ƙarin haƙurinmu?

Akwai abin da na kasa faɗa maka a cikin mutane. Sau uku kwamitin nan yana ɗaga zamansa, Mama tana tari, tana jira. Ni na daina zuwa coci don haushi. Ita kuwa kowace Lahadi sai ta lallaɓa ta zauna a bencin nan, tana waƙa har ta fi na gaba murya.

A satinta na ƙarshe na tambaye ta ko tana tsoro. Dariya ta yi mini. Ta ce ba jarumtakarta ce ta mai da ita 'yar Allah ba, balle tsoronta ya cire ta. Alheri ne aka yi mata, kuma ta gaskata wanda ya yi shi. Ta ce ranar da ta saki hannunsa a daji, shi bai saki nata ba.

Na yarda da ita, Yaya, amma ban huce ba. Jiya, kwana huɗu da binne ta, takardar kwamiti ta iso da hatimi. Wai an karɓi Fibi, wato Mama, tana iya ɗaura zanenta ta koma wurin zamanta. Ba su san ni na ɗaura mata shi da hannuna kafin a rufe akwatin ba.

Yau na koma coci. A bencin Mama na zauna, kuma ba wanda ya iya ɗaga ido ya dube ni.

Ubangiji ya riƙe mu.

Ƙanwarka,
Keturah